Shekarar da Na Rushe Ɗakin Baba

'Ya'yana, na sha jin ku kuna ba jikokina labarin gonarmu ta bayan duwatsu, kuma kullum labarin sai ya ƙara tsawo. A bakin Hafsa, ni ne na hango ambaliya tun saura wata biyu ta zo. A bakin Faisal kuwa, har ninƙaya na yi da tunkiya a kafaɗa. Ina jin daɗin saurare, ba zan ɓoye muku ba, amma ba haka aka yi ba. Yanzu da gwiwoyi suka zaunar da ni wuri ɗaya, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance, don yabo ya je wa mai shi, kuma don ku daina ɗaukar baffanku, Yaya Abdullahi, a matsayin wanda ya so ya hana alheri.

Kakanku Alhaji Musa yana yaro iyayensa suka taho da shi daga ƙasar Katsina, ya girma a Makka, ya yi sana'ar hatsi a kasuwar Zahir har ya tsufa. Amma zuciyarsa ta manomi ce. Da Allah ya buɗa masa, bai sayi gida na biyu ba kamar abokansa, sai ya sayi fili a wani kwari kan hanyar Ɗa'ifa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota. Ya haƙa rijiya, ya dasa dabino, ya zuba tumaki, ya gina ɗaki ɗaya a kan tudu da hannunsa. Ni kuwa a Zahir aka haife ni, kuma shekara talatin da ɗoriya na yi ina gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin da na sani shi ne wanda ake kunnawa a kashe. Gona a wurina wurin cin nama ce ranar Juma'a: mu cika mota biyu, mu shimfiɗa darduma a ɗakin Baba, a yanka rago, kafin magariba mun kama hanya. Ban taɓa tambayar kaina wa ke sa ragon ya yi ƙiba ba.

Mai sa shi ya yi ƙiba shi ne Malam Idi, wani Bagobiri dogo mai ƙarancin magana, wanda ya zo aikin hajji bai koma ba. Baba ya ba shi riƙon gonar, bayan rasuwar Baba ma ya ci gaba, fiye da shekara ashirin. Bai taɓa kirana da sunana Sani ba, sai dai Alhaji ƙarami, har gemuna ya yi fari.

A shekarar da nake ba ku labari, na ajiye aiki a tsakiyar zafi. Wata biyu da haka, zafin ya fara sassautawa, Malam Idi ya yi mini waya ya ce in zo, akwai magana. Na same shi a gindin magarya yana saƙar igiya. Sai da ya dafa shayi, muka sha, ya tambayi kowa na gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ajiye kofi.

"Alhaji ƙarami, gida zan tafi."

"Wane gida, Malam? Nan ba gida ba ne?"

"Gida ne, wallahi. Amma ɗiyata ta haifi biyar, ko ɗaya ban ɗauka ba. Kuma idanu sun fara yi mini wasa, tunkiya guda sai in gan ta biyu. Na ba ku mako shida. Kafin sanyi ya sauka ina so in ga na bar wurin nan a shirye, a hannun wani."

Ranar Juma'a muka taru a gidan Yaya Abdullahi a Ka'akiyya. Yaya ya girme ni da shekara tara, kuma tun rasuwar Baba maganarsa ita ce ta ƙarshe a gidanmu. Bai ja zancen ba. Ya ce a sayar da tumakin, a rufe rijiya, a bar dabino da ɗakin Baba don zuwan Juma'a. Ya ce a cikinmu babu wanda ya san gaban tunkiya da bayanta, kuma dabba amana ce, gara ta koma hannun wanda zai iya. Ku lura, maganarsa gaskiya ce. Na gyaɗa kai, muka ci shinkafa, muka watse.

Muka kama hanyar komawa gidanmu a Rusaifa, ni da mahaifiyarku Binta. Da muka shiga gida ta cire abaya, ta tsaya tana kallon mukayyif ɗin falo.

"Baban Hafsa, sau nawa ka kwance wannan abin tun da ka bar aiki?"

"Sau biyu."

"Sau uku. Kuma lafiyarsa ƙalau. Jiya na gan ka kana leƙa bayan firiji da sukurudireba a hannu. Ko dai ka tafi gonar nan, ko ka ƙarasa mini kayan gida."

Na ce mata ni ban iya kiwo ba. Ta ce lokacin da na aure ta ma ban iya komai ba. Ta ce ita kakarta Badamagariya ce, awaki suka taso suna gani a tsakar gida, kuma ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai in ci gwangwanin kifi har in mutu ba. Washegari na koma wurin Yaya na roƙe shi ya ba ni sanyi ɗaya in gwada. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, ya yi dariya har da tari.

"Dayyib, na yarda. Sanyi ɗaya. Amma in ka kashe su, kai za ka cinye su."

Haka muka kwashi katifa da tukwane muka tare a ɗakin Baba, Malam Idi ya zama malamina. Abu na farko da ya koya mini shi ne cewa sanyin can ba na Makka ba ne. A Makka, shita, wato lokacin sanyi, ɗan sauƙin rana ne kawai, mutum ya ƙara riga ɗaya. A cikin duwatsu kuwa iska ke saukowa da asuba ta shiga ƙashi, kuma a lokacin ne tumaki ke haihuwa. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki da ya zo ƙasar nan shi ne a gida ruwa da zafi suke tafe tare, nan kuwa ruwa abokin sanyi ne, ga shi ba ya sallama. Sai ka ga sama fes a kanka, an yi ruwa can bayan dutse, kwari ya cika kafin ka sa takalmi.

Aikin bai da ƙarshe. Muka yashe magudanar da ke bin gefen dabino, wadda yashi da ƙaya suka toshe, ni da shebur shi da baro. Muka bi shinge ƙafa da ƙafa muna ɗaure inda ya saki, saboda karnukan daji da yunwa ke korowa kusa idan sanyi ya yi tsanani. Muka sare busassun rassan dabino muka tara don wuta. Muka jera buhunan sha'ir a kan katako don kada danshi ya taɓa su, muka ɗaure barsim, ciyawar da ake busarwa don dabbobi, muka lulluɓe da tamfol muka danne da duwatsu. Ya koya mini kama tunkiya in kwantar da ita in yanke mata kofato, in duba kunne da ƙarƙashin wutsiya ko akwai kaska. Ranar farko wata tunkiya mai baƙin kai ta zille ta bi ta tsakanin ƙafafuna, na zauna daɓas cikin taki. Binta tana kan tudu tana shanya, dariyarta har dutse ya maimaita. Malam Idi bai yi dariya ba, sai cewa ya yi, "Ta gaishe ka ke nan." Wuri ɗaya kawai na burge shi, injin rijiya. Na kwance shi na wanke na sake wayoyi na yi masa rumfa, ya tashi da bugu ɗaya. Ya tsaya yana saurare, ya ce shekara goma rabon da ya ji shi da wannan muryar.

A mako na uku ya ce in biyo shi. Muka gangara shingen tumaki, wanda ke can ƙasan kwari tun zamanin Baba, muka wuce shi zuwa inda aka yi sabon titi shekaru biyu da suka gabata. Ya nuna mini manyan bututun da aka binne a ƙarƙashin titin, ya nuna bakinsu, sannan ya juya ya miƙa hannu. Ko ni da ban san komai ba na ga inda suka dosa. Shingen tumakinmu suke kallo.

"Da, ruwa can yake bi," in ji shi. "Yanzu nan zai biyo. Bara ya gwada kaɗan, ga alamarsa a jikin dutse. Ni in na ga gajimare ya yi wani launi a bayan wancan tsauni, sai in kora su sama tun da wuri. Kai fa, Alhaji ƙarami, ka iya karatun sama?"

"Ban iya ba."

"To, ba a koyonsa a mako uku. Sai dai a ɗauke su daga nan ɗungurungum."

Na tambaye shi ina za a kai su. Sai ya ɗaga kai ya dubi tudu. Kun san gonar, kun san babu wani shimfiɗaɗɗen wuri a sama sai inda ɗakin Baba yake da filin gabansa, ko'ina gangare ne da duwatsu. Ɗakin ma ya tsufa, bango ya tsage ta gabas, gara ta ci azara. Amma ɗakin Baba ne. A nan yake zama ya miƙe ƙafa yana raba mana nama da hannunsa, kuma ƙusar da yake rataye hularsa tana nan a bango.

Na yi kwana biyu ina zagaya tudun ina aune-aune, ko zan sami dabarar da za ta bar ɗakin. Babu. In an bar shi, shingen ba zai ɗauki rabin garken ba, kuma bangon da zai tare iskar arewa dole ta kansa zai bi. Na kira Yaya a waya na yi masa bayani dalla-dalla. Da na gama, ya ce:

"Sani, ɗakin da Baba ya ɗora bulonsa da hannunsa? Don tumaki?"

"Yaya, tumakin ma nasa ne."

"La, ya ahi. Ban yarda ba. Shekara arba'in shingen nan yana wurin, ruwa bai ci shi ba. Kada ka taɓa ɗakin nan."

Na ce masa, "To, Yaya, zan yi tunani."

Nan ne wurin da ba ku sani ba, kuma dominsa nake wannan rubutu. Lokacin da na faɗi haka na riga na gama tunani. Tun da safe na yi magana da magina biyu daga ƙauyen da ke gaba, za su zo Asabar. Na ji tsoron in na tsaya jayayya da Yaya zai rinjaye ni kamar yadda ya saba, Malam Idi ya tafi, sanyi ya same ni da tumaki a bakin ruwa. Da na ajiye wayar Binta ta dube ni, ta ce aikin daidai ne amma hanyar ba daidai ba ce, in sake kiransa. Na ce gobe. Goben ba ta zo ba.

Ranar Asabar muka fitar da kaya muka kafa tanti a gefen magarya. Maginan suka ce in matsa, na ce a'a, ni zan fara. Na ɗauki guduma na bugi bangon gabas, ya faɗi da sauƙin da ya ba ni haushi. Na koma bayan tankin ruwa na tsuguna, ni da furfurata, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izar Baba. Malam Idi ya zo ya tsaya kusa da ni, bai ce in yi haƙuri ba, ya dai miƙo mini buta in wanke fuska. Cikin kwana goma sabon shinge ya tashi, da bango ta arewa, da rufin kwano a rabi, da ɗan keɓaɓɓen wuri na masu jego. Muka yi wa kanmu ɗan ƙaramin ɗaki a gangaren, wanda in na miƙe hannu nakan taɓa rufinsa. Tsohon shingen kuma, da takin shekara arba'in a ƙasansa, Malam Idi ya sa na kafce na watsa irin barsim. Ya ce in ruwa ya ci ciyawa, wata za ta fito.

Sai a lokacin na aika wa Yaya hoto. Ya gani, bai amsa ba. Na kira, bai ɗauka ba. Na je Ka'akiyya, matarsa Hajiya Zainabu ta kawo mini shayi da idanu cike da tausayi, ta ce ya fita. Takalmansa suna bakin ƙofa.

Malam Idi ya tafi a ƙarshen mako na shida, bayan an gama masa takardun fita. Kafin ya shiga mota ya shiga sabon shinge ya bi tumakin yana shafa kawunansu yana kiran sunayen da ban ma san suna da su ba. Binta ta cika masa jaka da dabinon gonar da turare da atamfa biyar na jikoki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sani, ka riƙa ƙirga su safe da yamma." Ranar ce kaɗai ya kira sunana.

Sanyi ya sauka da ƙarfinsa. Da asuba ruwan buta kamar ya yanke yatsu, ni da mahaifiyarku muna yawo cikin rigunan ulu biyu biyu kamar buhuna. Amma bangon arewa ya yi aikinsa, 'yan raguna suka riƙa faɗowa cikin ɗumi, ɗaya kawai muka rasa. Binta ta mai da wata 'yar tunkiya da uwarta ta ƙi 'yar ɗakinta, tana ba ta madara a kwalba tana yi mata faɗa da Larabci. Ambaliya kuwa, ku ji da kyau, ba ta zo ba. Yayyafi aka yi sau biyu, ko ƙura bai kwantar ba sosai. Sai a sanyi na uku ta zo ta share tsohon shingen har ƙasa, ni kuma a ranar ina Makka, baki buɗe a kujerar likitan haƙori, tumaki suna kan tudu suna tuƙa abinsu.

Wata uku Yaya bai yi mini magana ba. Abin da ban sani ba shi ne Binta da Hajiya Zainabu kullum suna waya. Wata Juma'a da hantsi, ina ba tumaki sha'ir, na ji ƙarar mota. Yaya ne ya fito cikin farar riga sabuwa fil, da mashala, alkyabbar Larabawa, a kafaɗa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya hau tudu ya tsaya inda ɗakin yake a da, ya daɗe. Ya gangara ya dubi barsim ɗin tsohon shinge, kore shar har gwiwa. Ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare.

"Ina ambaliyar taka?"

"Ba ta zo ba, Yaya."

"Ko ta ɓata hanya ne? Ka ba ta adireshi kuwa?"

Ana cikin haka Binta ta ƙwala kira daga wurin masu jego. Tunkiyar nan mai baƙin kai ce, tun safe take naƙuda, ga ƙafa ɗaya ta leƙo, sauran shiru. Na durƙusa na rasa ta inda zan fara, don Malam Idi ya yi mini bayanin irin wannan amma ban taɓa gani ba. Sai na ji an ture ni gefe. Yaya ya jefa wa Hajiya Zainabu mashalarsa, ya naɗe hannun riga, ya ce a kawo ruwan ɗumi da man zaitun. Ya durƙusa cikin ciyawa, ya mai da ƙafar ciki a hankali, ya lalubo ɗayar, yana yi wa tunkiyar magana ƙasa-ƙasa da wata irin Hausa ta Katsina da rabon da in ji ta tun Baba. Ɗan rago ya sulluɓo, bayan ɗan lokaci na biyu ya biyo. Ya share musu hanci da yatsa ya tura su gaban uwar.

"Yaya, a ina ka koyi wannan?"

"Kana tsammani wa ya riƙe wa Baba fitila kafin a sami Malam Idi? Kai lokacin kana Zahir kana kwance rediyon mutane."

Farar rigar ta tashi daga aiki. Hajiya Zainabu ta dube ta ta ce wannan sai dai a yi tsumma, ya ce ai shi ya sa ya auri mai haƙuri. Binta ta soya waina, ta kawo da miyar taushe, muka zauna a gindin magarya, ya ci bakwai yana cewa bai da yunwa. Da matan suka tashi da kwanuka, na matsa kusa da shi na ce ya yafe mini ɗakin Baba.

Ya goge hannu, ya dubi tudun.

"Ɗakin? Ɗakin tun ranar da na ga hoto na yafe. Na san bangon ya tsage, ni ma na gani. Da Baba na nan, da shi zai fara ɗaukar guduma. Abin da ya ɗauke ni wata uku shi ne ka ce mini za ka yi tunani. Ni yayanka ne, Sani. Ka yi mini gardama, ka ɗaga murya in ka so, amma kada ka sake lallaɓa ni kamar baƙo."

Na ce ba zan sake ba. Ya ce to, in tashi in samo masa wata rigar, don ba zai shiga masallacin ƙauye haka ba, kuma an kusa kiran salla.